Jarka biyu, bututu ɗaya da littafin rubutu sun isa gina ƙarfi

Ka tsaya wata safiya kusa da rijiyar burtsatse ka kalli mai ga-ruwa yana lodin kurarsa. Jarka mai lita 25 idan ta cika, kilo 25 ke nan, ban da nauyin robar. Zai sunkuya ya kama hannunta, ya jawo ta har ta taɓa ƙaurinsa, ya miƙe da ƙarfin ƙugu, ya taka ya ɗora ta a kura. Haka zai yi ta yi har goma ko sha biyu, sannan ya sa ƙirji ya tura kusan kilo 300 cikin rairayi. Bai san sunan tsoka ko ɗaya ba, amma cikin minti goma ya yi uku daga cikin abubuwa biyar da ake gina ƙarfi da su: ɗauka daga ƙasa, dako, da turawa. Sauran biyun su ne tsugunno da ja. Abin da ya raba aikinsa da horo shi ne nauyinsa kullum ɗaya ne, ba ya ƙaruwa, kuma ba shi da ranar hutu.

Injinan da suka cika gidajen motsa jiki a yau sun bazu ne daga Amurka, musamman bayan da Arthur Jones ya fito da injinan Nautilus a 1970. Dabarar ita ce a zaunar da kai, a tokare maka baya, a ware tsoka guda ta yi aiki a kan hanyar da ƙarfe ya riga ya shata mata. Wannan yana da amfaninsa. Wanda aka yi wa aiki a gwiwa, ko tsohon da tsayuwa ke ba shi wuya, inji na iya zame masa mafari mai kyau, kuma tsoka tana girma a kan inji kamar yadda take girma a kan jarka, don ita nauyi kawai ta sani. Matsalar tana wani wurin. Duk aikin da kujera da sandunan inji suka ɗauke maka, wato riƙe jiki kada ya karkace, ɗaure ciki, damƙe kaya da yatsu, shi ne ainihin aikin da za ka buƙata ranar da za a sauke buhun shinkafa daga mota ko a tayar da babur da ya faɗi. Ga shi an ƙera injin ne da awon mutum mai matsakaicin tsayi, dogo da gajere sai su karkata gaɓoɓinsu su bi shi. Lambar da aka rubuta a jikin farantan ƙarfen da ke ba injin nauyi ma ba abin dogaro ba ce, saboda igiyoyi da gargarori suna rage nauyin da ke isa hannunka, 50 a wannan injin ba lallai ta zama 50 a na kusa da shi ba.

Tsugunno

A nan muna da gata. Wanda ya tashi yana alwala a tsugune, yana amfani da masai na tsugunno, yana cin tuwo a ƙasa, yawanci idon sawunsa da ƙugunsa a sake suke, abin da wasu ke shafe watanni suna nema. Sai dai tsugunnon hira daban, na ɗaukar nauyi daban. A na hira baya a lanƙwashe yake, jiki a sake. Da ka riƙe kaya, dole baya ya miƙe, ciki ya ɗaure.

Buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje kamar hannayen agogo a kan 11 da 1. Rungume nauyin a ƙirji, ko jarka mai lita 10 ko dutse ko buhun yashi, gwiwar hannu tana kallon ƙasa. Ja numfashi zuwa ciki, ka ƙanƙame shi kamar wanda ke jiran naushi a dambe, sannan ka sauka tsakanin ƙafafunka har ƙugu ya zo daidai da gwiwa ko ya ɗan wuce ta ƙasa. Ka danna ƙasa da tafin ƙafa gaba ɗaya ka miƙe, ka saki numfashi a kan hanyar tashi. Sauka ta ɗauki daƙiƙa biyu, kada ka faɗa kamar an yanke igiya.

Abu uku ke lalacewa. Idan dunduniya na ɗagawa, idon sawu ne ya yi tauri, sai ka sa katako mai kaurin santimita biyu a ƙarƙashinta na ɗan lokaci. Idan gwiwoyi suna haɗewa ciki wajen tashi, ko nauyin ya yi yawa ko tsokar mazaunai ba ta shiga aikin, maganin shi ne ka rage kaya ka riƙa tura gwiwa waje ta bi saitin yatsun ƙafa. Idan kuwa ƙasan baya yana lanƙwashewa a can ƙarshen sauka, to iyakarka ke nan a yanzu, ka tsaya sama da wurin kaɗan. Game da takalmi, ƙafa tsirara a kan siminti ko takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai tauri. Silifas yana zamewa, kambas mai laushin soso kuma kamar tsayuwa ne a kan katifa.

Idan jarkar ta yi maka sauƙi kuma babu wadda ta fi ta, koma ƙafa ɗaya. Ɗora bayan ƙafa guda a kan benci ko kifaffen turmi, ka sauka da ta gaba. Nauyin da ƙafa biyu suke rabawa ya koma kan ɗaya, kuma nan take za ka gane wacce ce raguwar.

Ɗauka daga ƙasa

Wannan ne motsin da ya fi kowanne gina baya, kuma shi ne aka fi jin ciwo a kansa idan an yi garaje. Ba tsugunno ba ne. A tsugunno ƙugu ƙasa yake yi, a nan baya yake komawa. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ruku'u yadda malamai ke koyarwa, gadon baya a shimfiɗe, kai bai ɗago ba bai rataya ba. Bambancin kawai a nan gwiwa tana ɗan lanƙwasa.

Kafin ka taɓa nauyi, gwada da sanda. Ɗora ta a tsaye a bayanka ta taɓa wuri uku: ƙeya, tsakanin allon kafaɗu, da ƙashin da ke saman mazaunai. Tsaya ka ba bango baya, tazarar tafin ƙafa ɗaya, ka tura mazaunai baya har su taɓa bangon. Idan sandar ta rabu da ɗaya daga wuraren uku, bayanka ya lanƙwashe. Idan ka ji bayan cinya yana miƙewa kamar tsirkiya, ka samu.

Sai ka ajiye jarka tsakanin ƙafafunka, hannunta daidai tsakiyar tafin ƙafa. Sunkuya yadda ka koya, ka damƙe da hannu biyu, ka ja har hannunka ya miƙe tsaf kafin jarkar ta bar ƙasa, sannan ka miƙe tsaye. Kada ka fizga. Kada kuma ka gantsare baya idan ka miƙe, tsayuwa sak ta isa. Dalilin da ya sa ake nanata cewa kaya ya manne da jiki lissafi ne: idan tazarar da ke tsakanin kayan da ƙasan bayanka ta ninka, wahalar da kayan ke ɗora wa wurin ma ta ninka, alhali nauyin bai ƙaru da ko giram ɗaya ba. Shi ya sa mutum kan ɗaga buhun siminti mai kilo 50 lafiya lau, gobe ya miƙa hannu daga nesa ya ɗauko bokitin wanka, baya ya riƙe.

Turawa da ja

Firesof kowa ya san shi, kaɗan ne ke yin sa daidai. Tafin hannu ya ɗan fi kafaɗa faɗi. Gwiwar hannu kada ta baje gefe ta yi layi ɗaya da kafaɗa, wannan ne ke cin gaban kafaɗa, ta koma baya-baya yadda idan an hango ka daga sama za ka yi siffar kan kibiya. Matse mazaunai da ciki, jiki ya zama katako ɗaya daga ƙeya zuwa dunduniya, ƙirji ya kusa taɓa ƙasa. Wanda bai iya biyar masu kyau a ƙasa ba, ya ɗora hannu a kan dakali ko teburi, yana sauko da tsayin mako bayan mako. Wanda ya wuce 15, ƙara yawa ba zai ƙara masa ƙarfi sosai ba, juriya kawai zai ƙara. Ya ɗora ƙafa a kan benci, ko ya goya jakar makaranta. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, wato rabin kilo, jaka guda mai leda 20 kilo 10 ke nan, ga ma'auni a hannu wanda ake ƙarawa kaɗan-kaɗan.

A haɗa da ɗaga nauyi sama da kai a tsaye: jarka mai lita 5 ko 10 a kafaɗa, hannu ɗaya, a tura sama har damtse ya zo kusa da kunne. Idan sai ka gantsare kafin ta hau, ta yi maka nauyi.

Ja shi ne marayan da 'yan ɗaga ƙarfen unguwa ke mantawa da shi. Ƙirji da ƙwanji ake gani a madubi, su ake bi kullum, sai kafaɗu su ranƙwafo gaba, ciwon kafaɗa ya biyo, ƙafafu kuma kamar na zalɓe. Duk yawan turawar da ka yi a mako, ka yi ja kamarsa. Ana buƙatar bututun ƙarfe mai kaurin inci ɗaya zuwa ɗaya da kwata, a tsayin da sai ka ɗan yi ɗage kafin ka kama. Mai walda zai haɗa maka, amma a binne ƙafafunsa aƙalla santimita 60 cikin kankare, kuma kada a jingina rai a kan reshen mangwaro da ba a gwada ba. Ka rataya, ka fara janyo allon kafaɗu ƙasa, sannan ka ja gwiwar hannu zuwa haƙarƙari har haɓa ya wuce bututun. Ba wutsil-wutsil da ƙafa.

Mafi yawan masu farawa ko ɗaya ba sa iyawa, kuma ba abin kunya ba ne. Taka kujera ka hau sama, ka sauko a hankali cikin daƙiƙa biyar, sau biyar, zagaye uku, wato ka yi biyar ɗin, ka huta, ka sake, har karo uku. Tsoka ta fi ƙarfi wajen saukewa a kan ɗagawa, ta wannan ƙofar ake shiga. Ka ƙara da jan jarka: hannu ɗaya da gwiwa ɗaya a kan benci, baya a shimfiɗe, ka ja jarkar zuwa ƙugu.

Dako ba ya buƙatar dogon bayani. Jarka a kowane hannu, ƙirji a buɗe, gajerun taku, mita 30 zuwa 40, sau huɗu. Jarkar da ba ta cika ba ta fi wahala saboda ruwan yana kai da komowa. Idan ka ɗauki ɗaya kawai ka hana jikinka karkata, tsokar gefen ciki ta samu aikin da ya fi kwanciya ana naɗe ciki sau ɗari.

Inda ƙarfin yake fitowa

Duk abin da aka faɗa a sama ba ya aiki idan nauyi bai ƙaruwa. Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawa, Milo na garin Kuroton, da aka ce yana saɓa ɗan maraƙi kullum har ya zama bijimi yana saɓa shi. Almara ce, amma ma'anarta daidai take. Wanda ya mayar da ita tsarin asibiti shi ne Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka, wanda a 1945 ya bayyana yadda yake farfaɗo da sojojin da suka ji rauni ta hanyar ƙara musu nauyi sannu a hankali. Daga aikinsa ne aka gaji zagaye uku na sau goma da ake ji a ko'ina.

Ga yadda za ka yi. Zaɓi nauyin da za ka iya sau 6 zuwa 8 da tsari mai kyau, kana jin da saura biyu a jikinka. Yi zagaye uku, hutun minti biyu zuwa uku a tsakani. Kowane zama ka nemi ƙarin ɗaya ko biyu. Ranar da ka kai 12 a duk zagayen uku, ƙara nauyi: kilo 1 zuwa 2 a aikin hannu, kilo 2 zuwa 5 a tsugunno da ɗauka daga ƙasa. Adadin zai faɗo zuwa 7 ko 8, ka sake hawa. Da jarka wannan abu ne mai sauƙi, lita ɗaya kilo ɗaya, ka sa alama da fenti a jikinta.

A nan littafin rubutu ke shigowa, kuma a ganina ya fi duk kayan da aka lissafa muhimmanci. Kwanan wata, motsi, nauyi, adadi. Wanda ba ya rubutawa, abin da ya ji daɗinsa zai yi ta maimaitawa, shekara ta zagayo yana nan inda yake, yana cewa jikinsa ne ba ya karɓa. Idan zama uku a jere ka kasa ƙara komai, rage kashi 10 cikin 100 na nauyin, ka sake hawowa, kuma ka duba barcinka da kwanonka kafin ka zargi tsarin.

Makonni huɗu zuwa shida na farko za ka ga ƙarfi yana ƙaruwa da sauri alhali madubi bai nuna komai ba. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon yadda za ta tayar da tsokar da kake da ita. Girman tsoka yana zuwa daga baya. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa sun fi tsoka jinkirin ƙwari, shi ya sa wanda ya ninka nauyi cikin wata guda yakan ƙare da ciwon gwiwar hannu.

Kwana uku a mako sun isa, da kwana ɗaya a tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba. Minti biyar na ɗumama jiki da tafiya mai sauri da tsugunno ba kaya, sannan tsugunno, firesof, ja, dako. Zama na gaba: ɗauka daga ƙasa, ɗagawa sama da kai, ja, tsugunnon ƙafa ɗaya. Ka riƙa musanya su. Minti 45 an gama. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce babba ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ban da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici irin tafiya. Shawarar ta haɗa da mata da dattawa. Mace ba za ta wayi gari da ƙirar ɗan dambe ba, sinadarin da ke kumbura tsokar namiji kaɗan ne a jikinta, abin da za ta samu shi ne ƙarfin baya da ƙwarin ƙashi. Dattijo kuma ya fara da tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, sau 8, zagaye biyu. Tsokar da ke tayar da shi daga sujada ke nan.

Kayan da ake haɗawa a gida

Idan ruwa ya yi sauƙi, zuba busasshen yashi, jarka mai lita 25 za ta kai wajen kilo 38 zuwa 40, sai a kula da hannunta, roba tana tsagewa. Buhun yashi kuma a zuba a ƙananan ledoji masu kilo biyar-biyar, a ɗaure, a zuba su cikin babban buhu biyu a haɗe, yadda za a iya ƙarawa ko ragewa.

Ƙarfen siminti da ake gani a lunguna, wato bututu mai curin kankare a kowane ƙarshe, yana aiki, amma ana yawan kuskure a haɗa shi. Lita ɗaya ta kankare ta kai kusan kilo 2 da ɗigo 3, don haka gwangwanin fenti mai lita 4 zai ba ka wajen kilo 9. Kwaɓa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa uku. Huda ƙarshen bututun ka soke dogayen ƙusoshi biyu a gicciye kafin ka nutsa shi, in ba haka ba wata rana curin zai zame ya faɗo a kan ƙafa. Auna ɓangarorin biyu a sikelin mai awo, don bambancin kilo ɗaya ya isa ya karkatar da kafaɗa. A riƙa yayyafa ruwa kwana bakwai, kada a ɗaga da wuri, kankare sai ya yi kwana 28 yake kaiwa cikar ƙwarinsa. Aibinsa babba shi ne ba a ƙara masa nauyi. Kuma kada ka kwanta a benci ka ɗora shi saman maƙogwaro kai kaɗai a gida.

Kwano, barci da zafi

Mai horo yana buƙatar kusan giram 1 da ɗigo 6 na furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 65 yana neman kamar giram 100. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake kusan 13, giram 100 na dafaffen nama ko kifi 20 zuwa 25. Awara, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kindirmo, ƙosai da alale duk suna cike giɓi da kuɗi kaɗan. A raba shi ci uku ko huɗu. Garin furotin mai tsada da ake tallatawa a cikin roba ba dole ba ne. Allurar kumbura tsoka da tiramol da wasu ke sha kafin su ɗaga ƙarfe kuwa, ta farko tana taɓa hanta da zuciya da haihuwa, na biyun yana toshe zafin da ya kamata ya tsayar da kai kafin wani abu ya tsinke. Barci awa bakwai ko fiye, a cikinsa ake gyaran.

Daga Maris zuwa Mayu a yi horo bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa. Da azumi, ko dab da shan ruwa da nauyi mara yawa, ko bayan tarawihi. Rage zagaye daga uku zuwa biyu, ka bar nauyin yadda yake, watan riƙe abin da aka samu ne.

Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan horo, a cikin naman tsoka, a ɓangare biyu, al'ada ce, kuma yana raguwa bayan makon farko. Zafi mai suka a cikin gaɓa, ko wanda ke sauka daga baya zuwa ƙafa da jin kamar tafiyar kiyashi, wannan a dakata. Idan bayan horo mai tsanani fitsari ya koma kalar shayi mai kauri ga tsoka a kumbure, asibiti za a nufa a ranar, alama ce tsoka ta farfashe tana cutar da ƙoda. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi, ya fitar da shi yana ɗagawa, kuma shi da mai sikila, mai gwaiwa, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su ga likita kafin su fara.

Ranar da jarka biyu na yashi suka zama wasa, kana rataya sau goma ba tare da lilo ba, lokacin sandar ƙarfe ta gaske ya yi, mai kilo 20 da faranti masu cirewa. Idan za ka biya kuɗin jim, wato gidan motsa jiki, a lokacin, ka tambaya ko suna da ita, da maratayin da ake ajiye ta a tsayin kafaɗa, da ƙananan faranti masu kilo ɗaya da kwata. Ka tafi da littafinka.